Horar da ma'aikatan masana'anta a tsarin rage ɓarna da kaizen

Tsarin rage ɓarna, wanda masu masana'antu suka fi sani da Lean, hanya ce ta sarrafa kaya da ke neman kawar da duk wani jira, kai-komo ko tarin kaya da ba ya ƙara wa abin da ake ƙerawa daraja. Abokin tafiyarsa shi ne kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan ba tsayawa, wanda ma'aikatan da ke bakin inji ke kawowa da kansu. A kamfanin motoci na Toyota da ke Japan tsarin ya girma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma sunan Lean sai a 1988 wani mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, John Krafcik, ya laƙaba masa. Horon da ake bayarwa a kansa iri biyu ne: na bakin inji, wanda sufabaiza ke yi wa mutanensa, da na aji, wanda ke ƙarewa da jarrabawa da takardar shaida. Na farkon ya girmi na biyun nesa ba kusa ba, kuma a kansa tsarin yake tsaye.

Asalinsa a Amurka

A 1940 gwamnatin Amurka ta kafa wani shiri mai suna TWI domin horar da mutane a cikin masana'antu. Yaƙi ya ƙarato, ana buƙatar jirage da makamai da yawa, ƙwararru na shirin tafiya soja, waɗanda za su maye gurbinsu kuwa manoma ne da matan gida da ba su taɓa riƙe sifana ba. Jagororin shirin, Channing Dooley da Walter Dietz, sun ga ba za a iya tara miliyoyin mutane a makaranta ba. Sai suka koma kan sufabaiza, suka tsara masa kwas uku: yadda zai koyar da aiki, yadda zai gyara hanyar yin aiki, da yadda zai zauna lafiya da na ƙasa da shi. Kowane kwas awa goma ne kacal, zama biyar na awa bibbiyu, mutum goma ko kusa da haka a aji. Kafin a rufe shirin a 1945, fiye da mutum miliyan 1.6 a masana'antu sama da 16,500 sun karɓi shaidarsa.

Zaman farko na kwas ɗin koyar da aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Mai horarwa kan ɗauko wayar lantarki mai harshe biyu, ya kira mutum ɗaya gaban aji, ya gaya masa da baki yadda ake wani ƙulli da masu aikin lantarki ke yi don kada waya ta fizge daga mahaɗinta. Ya miƙa masa wayar, mutumin ya kasa. Sai ya kira wani, ya ɗaura ƙullin a gabansa ba tare da ya ce uffan ba. Shi ma ya kasa, domin yana fuskantar malamin, komai a juye ya gan shi. A karo na uku sai malamin ya tsayar da mai koyo a gefensa, ya kwantar masa da hankali, ya yi aikin mataki-mataki yana faɗa, ya maimaita yana nuna inda dabarar take da dalilinta, sannan ya sa shi ya yi yana bayani da bakinsa har sai ya zauna masa. Matakai huɗu ke nan: shirya mai koyo, nuna aiki, sa shi ya gwada, sannan a riƙa leƙa shi. Taken kwas ɗin shi ne, in ma'aikaci bai iya ba, to malami bai koyar ba.

Wannan ya sha bamban da yadda yaron shago ke koyon sana'a a wurin maigidansa, inda zai shekara yana miƙa kayan aiki yana satar kallo. A nan tun kafin a kira mai koyo, sufabaiza ya riga ya zauna ya rubuta aikin a takarda: manyan matakai, da wuraren da in aka kuskure kaya zai lalace ko mutum ya ji rauni.

Komawarsa Japan

Da yaƙi ya ƙare Amurka ta yi watsi da shirin, amma hukumomin Amurka da ke mamaye da Japan bayan yaƙin suka kai shi can, inda ya sami gindin zama. Toyota ta ɗauki kwasa-kwasan a farkon shekarun 1950, kuma hanyar koyar da aiki mai matakai huɗu ta daɗe a masana'antunta ba tare da wani babban sauyi ba. A 1951 kamfanin ya buɗe tsarin karɓar shawarwari daga ma'aikata, bayan Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin shugabanninsa, ya ga irinsa a masana'antar Ford. Daga 1955 injiniya Shigeo Shingo ya riƙa koyar da injiniyoyin Toyota da shugabannin layin ƙera kaya nazarin motsi da lokaci. A ɓangaren inganci kuwa, masanin ƙididdiga Ba'amurke W. Edwards Deming ya yi laccoci a Japan a 1950, sannan a 1962 Kaoru Ishikawa ya jagoranci kafa ƙananan ƙungiyoyin inganci, inda ma'aikatan sashe ɗaya ke zama su koyi ƙididdiga mai sauƙi, su ɗauki matsala guda su bi ta har tushe.

Taiichi Ohno, wanda ake ɗauka uban tsarin Toyota, ba mai son aji ba ne. Ana ba da labarin cewa yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya ce wa matashin injiniya ya tsaya a ciki ya yi ta kallon aiki na sa'o'i har sai ya ga ɓarnar da idonsa ya saba da ita.

Abin da ake koya wa ma'aikaci

Darasin farko shi ne gane ɓarna bakwai da Ohno ya lissafa: ƙera fiye da abin da aka nema, jira, jigilar kaya ba dalili, aikin da ya wuce buƙata, tara kaya a sito, motsin jiki na banza, da kayan da suka fito da aibi. Sai tsarin 5S na kintsa wurin aiki, inda ake fitar da tarkace, a ba kowane kayan aiki mazauninsa, har a zana siffar guduma a jikin allo don a gane da kallo ɗaya in babu ita. Ana koyar da daidaitaccen aiki, wato hanya ɗaya rubutacciya da kowa zai bi har ranar da wani ya kawo wadda ta fi ta. Ana koyar da tambayar "me ya sa?" sau biyar a jere, da duba inji da shafa masa mai kafin ya tsaya.

Mafi wuya shi ne igiyar da ke rataye a saman layi, wadda kowane ma'aikaci ke da ikon ja in ya ga matsala. Jan igiya ba ya buƙatar ilimi, amma yana buƙatar mutum ya yarda cewa shugabansa zai zo da taimako ne, ba da faɗa ba. Masana'antar NUMMI da Toyota da General Motors suka buɗe a Fremont ta jihar Kalifoniya a 1984 ta nuna haka. An dawo da yawancin tsofaffin ma'aikatan wata masana'anta da aka rufe saboda rashin inganci da yawan rikici, aka tura ɗaruruwansu masana'antar Takaoka a Japan suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu. Ba a jima ba ingancin motocinsu ya shiga sahun gaba a cikin na General Motors. Da kasuwa ta yi sanyi a 1988 ba a sallami mutane ba, aka sa su horo da ayyukan gyara. Wannan alkawari na rashin sallamar ma'aikata na da nauyi, domin ba wanda zai nuna yadda za a rage hannu a layi in ya san hannunsa za a rage. Wasu 'yan ƙungiyar ƙwadago a Amurka sun soki tsarin da cewa yana matse ma'aikaci har ba ya samun sararin numfashi, kuma inda aka ɗauki dabarun aka bar alkawarin, sukar tana da tushe.

Takardun shaida

Shaidun da suka fi yawo a yau daga Six Sigma suka fito, tsarin rage aibi ta hanyar ƙididdiga da injiniya Bill Smith ya ɓullo da shi a kamfanin Motorola a 1986, wanda General Electric ta yaɗa daga 1995. Matakansa an are su ne daga ɗamarar 'yan wasan kareti. Mai ɗamara ruwan ɗorawa ya san tushe, yana taimakawa a ƙungiya. Mai koriya yana jagorantar ƙaramin aikin gyara a gefen aikinsa na kullum. Mai baƙa kuwa gyara shi ne aikinsa gaba ɗaya. Daga baya aka haɗa wannan da Lean a kwas ɗaya.

Babu wata hukuma guda da ke da ikon waɗannan ɗamaru, kowane kamfanin horo na iya bayarwa, shi ya sa darajarsu ta bambanta ƙwarai. Ƙungiyar masana inganci ta Amurka, ASQ, ba ta ba da baƙar ɗamara sai mutum ya kawo shaidar aikin gyara da ya kammala, yayin da wata ƙungiyar ba da shaida mai suna IASSC jarrabawa kawai take nema. Shaidar da ƙungiyoyin masana'antu na Amurka, SME da AME, da Cibiyar Shingo ke bayarwa tana da hawa uku, tagulla da azurfa da zinariya, kuma ban da jarrabawa sai an gabatar da kundin ayyukan da mutum ya yi da hannunsa. A 2015 hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 18404 don fayyace abin da ya kamata mai irin wannan shaida ya iya. Mai ɗaukar ma'aikata da ya san abin da yake yi yakan tambayi mai takarda wane layi ya gyara, nawa ne aibin kafin ya fara, nawa ya koma.

Yawancin ɗamarun nan injiniyoyi da manajoji ne ke samunsu. Shaidar da aka yi domin ma'aikacin layi ta fi ƙarfi a inda gwamnati ko ƙungiyoyin ƙasa suka sa hannu. A Ingila akwai shirin koyon sana'a na kusan shekara ɗaya, inda mutum ke karɓar albashi yana koyo, a ƙarshe mai jarrabawa ya zo ya kalle shi a bakin aiki. A Japan tun 2005 ake jarrabawar kula da inganci mai aji huɗu, na huɗu don sababbin shiga da ɗalibai, na ɗaya don masu jagorantar inganci a kamfani.

A Afirka

Habasha ce ta fi kowa rungumar kaizen a hukumance. Firaminista Meles Zenawi ya nemi taimakon Japan a 2008, hukumar ba da tallafi ta Japan, JICA, ta fara gwaji a wasu masana'antu a 2009, aka kafa cibiyar kaizen ta ƙasa a 2011. A 2017 JICA da NEPAD, hukumar raya ƙasa ta Tarayyar Afirka, suka ƙaddamar da shiri na shekara goma don nahiyar baki ɗaya. A Ghana da Kamaru an fi karkata ga ƙanana da matsakaitan sana'o'i: ana horar da jami'an hukumomin tallafa wa sana'a, su kuma su shiga shagunan ɗinki da na kafintoci da na sarrafa abinci, galibi su fara da 5S, tun da ba ya cin kuɗi kuma mai shago yana ganin bambanci cikin 'yan makonni.