Waiwaye: Yadda Kiristoci 'Yan Bishara Suka Riƙe Ƙofar Zaɓen Fid da Gwani a Amurka

Duk mai neman tutar jam'iyyar Republican a Amurka, zangonsa na farko jihar Iowa ne, kuma a Iowa ba ya tsallake coci. Waɗanda ake kira 'yan bishara ko 'yan Ebanjelika, wato Kiristoci masu ɗaukar Littafi Mai Tsarki a matsayin hukunci na ƙarshe, masu cewa an sake haihuwarsu cikin bangaskiya, su ne sukan kai kusan kashi 60 cikin ɗari na masu fitowa zaɓen fid da gwani na jam'iyyar a wannan jiha. Sunan ba baƙo ba ne a wajenmu, yana cikin sunan cocin ECWA. Amma a siyasar Amurka, idan an ambace shi, galibi fararen fata ake nufi, domin cocin baƙaƙen fata tun da daɗewa Democrat suke bi.

Ɗan Democrat ne ma ya fara buɗe wannan ƙofa. A 1976 Jimmy Carter, manomin gyaɗa daga Georgia kuma malamin makarantar Lahadi a cocin Baptist, ya riƙa faɗa a fili cewa shi wanda aka sake haifa ne. Ya wuce sauran 'yan takara a Iowa, ya kai ga Fadar White House. Zumuncin bai daɗe ba. A 1978 hukumar haraji ta nemi janye rangwamen haraji daga makarantu masu zaman kansu da ake zargi da wariyar launin fata, da yawansu na coci ne, abin ya harzuƙa limamai. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 da ya halatta zubar da ciki, wanda a hankali ya zama babban taken gwagwarmayarsu. A 1979 malamin coci Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, a watan Agustan 1980 kuma Ronald Reagan ya tsaya gaban dubban malaman coci a Dallas ya ce musu ya san ba za su iya mara masa baya a fili ba, amma shi yana mara musu.

Wannan magana tana da tushe a doka. Tun 1954 akwai tanadin da ake kira gyaran Johnson, wanda ya hana ƙungiyar da aka yafe wa haraji fitowa ta goyi bayan ɗan takara. Hanyar da aka bi aka kewaye shi ita ce takardar jagorar mai zaɓe: falle ɗaya, sunayen 'yan takara a sama, batutuwa kamar zubar da ciki da addu'a a makaranta a gefe, a gaban kowane suna a rubuta ko yana goyon baya ko yana adawa. Ba a ce ka zaɓi wane ba, amma mai ido ya gani. Ƙungiyar Christian Coalition, wadda Pat Robertson ya kafa a 1989 ya damƙa wa Ralph Reed, ta raba miliyoyin irin waɗannan takardu a ƙofofin coci ranar Lahadin da ke gab da zaɓe.

Robertson ɗin ne ya fara nuna ƙarfin wannan runduna. A 1988, shi mai wa'azi a talabijin da bai taɓa riƙe muƙami ba, ya zo na biyu a Iowa da kusan kashi 25, ya tura mataimakin shugaban ƙasa George Bush (mahaifin George W. Bush) zuwa na uku. Sirrin yana cikin tsarin zaɓen. A Iowa ba a buɗe rumfa tun safe. Ƙarfe bakwai na dare, cikin hunturun Janairu ko Fabrairu, kowa zai je makarantar unguwarsu ko ɗakin taron coci, a saurari wakilin kowane ɗan takara na 'yan mintoci, sannan a rubuta suna a ƙaramar takarda a ƙirga nan take. Wanda bai zo ba, ba shi da ƙuri'a. A jiha mai mutum fiye da miliyan uku, masu fitowa sukan tsaya tsakanin dubu 110 da dubu 190. A irin wannan fage, wanda yake da mutanen da ke haɗuwa kowace Lahadi, suka san gidajen juna, suke da motocin ɗauko tsofaffi, ya riga ya ci rabin yaƙi.

Shi ya sa Mike Huckabee, tsohon limamin Baptist, ya kayar da Mitt Romney a Iowa a 2008 duk da ɗimbin kuɗin da Romney ya zuba. Iyayen da ke karantar da 'ya'yansu a gida ne suka zama masa ma'aikatan kamfe na sa-kai. A 2012 Rick Santorum, ɗan Katolika, ya zagaya dukkan gundumomi 99 na jihar, ya ci da ratar ƙuri'a 34 kacal, bayan da farko an sanar Romney ne ya yi nasara da ƙuri'a takwas. A 2016 Ted Cruz ne ya ci.

To amma cikin ukun nan babu wanda ya samu tuta, kuma a nan masu sharhi da yawa suke kuskure idan suka ce 'yan bishara ne ke naɗa sarki. Bayan Iowa sai New Hampshire, inda ba su da yawa, sannan kuɗin talla ya fara magana. Babbar matsalarsu kuwa rarrabuwar ƙuri'a ce. A Carolina ta Kudu a 2008, John McCain ya ci da kusan kashi 33, Huckabee na da 30, Fred Thompson ya kwashe kimanin 16 daga rijiyar da Huckabee ke sha. Abin da suka fi iyawa shi ne tare hanya. McCain ya ɗanɗana a 2000: ya kayar da George W. Bush a New Hampshire, Bush ya garzaya Jami'ar Bob Jones ta 'yan bishara ya ci Carolina ta Kudu, McCain ya fusata ya kira Falwell da Robertson wakilan rashin haƙuri da masu bambancin ra'ayi, daga nan takararsa ta fara sulalewa. Kafin 2008 sai da ya je jami'ar Falwell ya yi sulhu. Rudy Giuliani, wanda ke goyon bayan 'yancin zubar da ciki, ya daɗe yana kan gaba a ƙuri'ar jin ra'ayi a 2007, bai ci jiha ko ɗaya ba.

Shekarar 2016 ce ta sauya lissafin. Donald Trump, mai aure uku, wanda ba a san shi da zuwa coci ba, ya ci Carolina ta Kudu inda kusan kashi 70 na masu zaɓe 'yan bishara ne, ya kwashe daliget 50 gaba ɗaya da kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'a. Mutuwar alƙali Antonin Scalia a watan Fabrairu ta bar gurbi a Kotun Ƙoli, a watan Mayu Trump ya fitar da jerin sunayen alƙalai masu ra'ayin mazan jiya da zai zaɓa daga cikinsu ya cike gurbin. Ciniki ne a fili tsakaninsa da 'yan bishara, kuma ya cika: alƙalai uku, mayar da ofishin jakadancin Amurka Birnin Ƙudus a 2018, sannan a Yunin 2022 kotu ta soke hukuncin 1973.

Abin da ya fi jan hankali a nan shi ne yadda jagorori suka rasa linzami. Bob Vander Plaats na ƙungiyar Family Leader, wanda ya tsaya wa Huckabee da Santorum da Cruz duk suka ci Iowa, ya mara wa gwamnan Florida Ron DeSantis baya a zagayen 2024. DeSantis ya taka gundumomi 99, ya sa hannu a dokar hana zubar da ciki bayan mako shida a Florida, ya yi duk abin da tsohon tsari ya tanada. Mike Pence, tsohon mataimakin Trump wanda ba a shakkar riƙonsa da addini, ya janye tun Oktoban 2023 kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya. Daren 15 ga Janairu, cikin sanyi mai tsanani, mutum kusan dubu 110 suka fito. Trump ya samu kashi 51, DeSantis 21, kuma kwana shida bayan haka DeSantis ya janye ya mara wa Trump baya.