Me Ake Nufi da "A Rana Mai Kamar Ta Yau"?

Duk wanda ya saba sauraren rediyo da safe ko duba labarai a waya, da wuya bai taɓa cin karo da wannan magana ba: "A rana mai kamar ta yau..." Daga nan sai a shiga jerowa. An haifi wane, wane ya riga mu gidan gaskiya, an gwabza yaƙi kaza, ƙasa kaza ta sami 'yancin kai. Har Facebook ma ya shigo ciki, ka wayi gari ya tono maka hoton da ka sa shekara bakwai da suka wuce.

Abin da ake nufi shi ne ranar da ta yi daidai da ta yau a sunan wata da kwanan wata, amma a wata shekara dabam. Ba ranar mako ake magana ba. Shekara kwana 365 ce, wato mako 52 da kwana ɗaya a kai, shi ya sa kwanan watan da ya faɗo Litinin bana sai ya koma Talata baɗi, ko Laraba idan 29 ga Fabrairu ta shiga tsakani. Nauyin maganar duk yana kan kalmar "kamar". Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana, kuma kamannin a nan iyakarsa lamba da sunan wata.

Ɗauki 12 ga Fabrairu. A wannan rana a 1809 aka haifi yara biyu, teku a tsakaninsu. Ɗaya a wata bukkar katako mai ɗaki ɗaya a jihar Kentucky ta Amurka, iyayensa manoma marasa hali. Ɗayan kuwa a wani katafaren gida a garin Shrewsbury na Ingila, mahaifinsa likita ne mai dukiya. Na farko shi ne Abraham Lincoln, wanda ya zama shugaban Amurka, ya kuma sa hannu a takardar 'yanta bayi a 1863. Na biyu shi ne Charles Darwin, masanin halittun da ra'ayinsa kan asalin halittu ya tada ƙurar da har yau ba ta lafa ba. Ba su taɓa haɗuwa ba. Ni dai ina son wannan misali, domin yana nuna amfanin abin: ya ɗauko mutum biyu da ba za ka taɓa tunaninsu tare ba, ya sa ka lura cewa zamani ɗaya suka rayu.

Amma shin dacewar abin mamaki ce? Lissafi ya ce a'a. Kwanakin kalanda ba su wuce 366 ba, tarihi kuwa dubban shekaru ne, mutane biliyoyi. Dole a cunkusu. Idan ka tara mutum 367, ko shakka babu biyu daga cikinsu sun yi tarayya a ranar haihuwa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mutum 23 kacal sun isa yiwuwar hakan ta ɗan zarce rabi. Dalili kuwa, ba kai kaɗai ake gwadawa da sauran ba, kowa ake gwadawa da kowa, kuma mutum 23 za a iya haɗa su bibbiyu har hanyoyi 253.

Akwai kuma tarkon da masu jero irin waɗannan ranaku suke yawan faɗawa, wato sauyin kalanda. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalandar Turawa, mutane a Italiya da Sifen suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Birtaniya ba ta bi sahu ba sai 1752, Rasha sai 1918. Shi ya sa juyin juya halin da Rashawa suke kira na Oktoba, a kalandar da ake amfani da ita yanzu ranar 7 ga Nuwamba 1917 ya auku. Masanin kimiyya Isaac Newton ma, a lissafin Ingila na lokacin ranar 25 ga Disamba 1642 aka haife shi, a na yanzu kuwa 4 ga Janairu 1643. Wanda yake lissafi da kalandar Hijira shi ma nasa daban: shekararsa kwana 354 ko 355 ce, don haka rana mai kamar ta yau a wurinsa takan riga ta Miladiyya da kusan kwana 11 duk shekara.

Agogo ma yakan raba rana ɗaya biyu. Miƙa wuyan da Jamus ta yi a yaƙin duniya na biyu, Turai ta Yamma tana tunawa da shi 8 ga Mayu, Rasha kuma 9 ga Mayu, domin lokacin da aka sa hannu a Berlin dare ya riga ya raba a Mosko.

Sai dai akwai ranar da, in ka duba ta da kyau, za ka ga ba duk dacewa ce ta banza ba. 9 ga Nuwamba ke nan a Jamus, wadda Jamusawa da kansu suke kira ranar ƙaddara. A 1918, a wannan rana aka sanar da saukar Sarki Wilhelm na biyu, ɗan siyasa Philipp Scheidemann ya leƙo daga ginin majalisa a Berlin ya shelanta jamhuriya. A 1923, a wannan rana 'yan sanda suka murƙushe yunƙurin juyin mulkin da Hitler ya fara a daren da ya gabata a Munich. A 1938, a daren wannan rana aka far wa Yahudawa a duk faɗin ƙasar, aka ƙone wuraren ibadarsu, aka farfasa shagunansu, aka kashe mutane, aka kwashi maza kimanin dubu 30 zuwa sansanonin gwale-gwale. Gari ya waye tituna duk fasassun gilasai. A 1989 kuma, a wannan rana wani jami'in Jamus ta Gabas, Günter Schabowski, ya gaya wa 'yan jarida cewa sabuwar dokar fita ƙasar waje ta fara aiki nan take, jama'a suka yi tururuwa zuwa katangar Berlin da ta raba gabashin birnin da yammacinsa, masu gadi suka buɗe ƙofofi.

To a nan mai karatu ya natsu. Ta 1989 dacewa ce kawai. Ta 1938 kuwa akwai zare tsakaninta da ta 1923, domin shugabannin 'yan Nazi sun taru ne a Munich don bikin tunawa da wancan yunƙurin juyin mulki, kuma a wurin taron Joseph Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya yi jawabin da ya ingiza mabiyansu. Ranar tunawa ce ta haifi wata ranar tunawa. Wannan ne abin da jerin shekaru zalla ba ya faɗa maka, kuma shi ne yake damuna da yadda ake yawan rubuta irin waɗannan bayanai: a sa haihuwar ɗan wasa a layi ɗaya, kisan kiyashi a layi na gaba, ba tare da an ce uffan ba kan wanne ne ya ja wanne.

Jamusawa sun san nauyin abin. Da ƙasarsu ta sake haɗewa, mutane da dama sun so a mai da 9 ga Nuwamba ranar bikin ƙasa, tunda a ranar katanga ta faɗi. Amma ba a iya yin shagali a daren da aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa ba. Sai aka tsayar da 3 ga Oktoba, ranar da haɗewar ta tabbata a hukumance a 1990.