Dreamweaver tana rufe kanta da zarar ka buɗe? Don Allah a karanta wannan kafin a sake tambayata

Salamu alaikum. Tun da zafi ya kankama ruwan madatsar Lagdo ya ja baya aka shiga ɗauke wuta ba dare ba rana, tambaya ɗaya ce ke ta zuwa min daga masu koyon haɗa shafukan intanet, na nan Garwa da na Marwa har da 'yan Kuseri: Dreamweaver, manhajar haɗa shafukan intanet, ta ƙi buɗewa, ko ta buɗe ta nuna tambarinta sai ta ɓace bat. Bakina ya gaji da maimaitawa, ga tambayoyin da ke biyo bayanta da amsoshinsu a wuri ɗaya.

Malam, virus ne ya shiga kwamfutata?

A'a. In sauran manhajoji suna aiki lafiya ita kaɗai ke faɗuwa, yawanci saitinta ne ya lalace.

Mai gyara ya ce sai an yi wa na'urar fomat. In kai masa?

Kar ka kai. Wallahi wannan shi ke ɓata min rai, fayil ɗaya ƙarami ya samu matsala a ce za a share Windows gaba ɗaya, ka biya kuɗi, ka rasa hotunan gida da aikin mutane da ka karɓi kafin alƙalami a kansa, alhali gyaran bai kai minti biyar ba. Riƙe kuɗinka ƙanena.

Na cire ta na sake sakawa amma ba abin da ya canza, me ya sa?

Saboda wurin da manhajar take daban, wurin da take ajiye saitinka daban. Ita tana cikin Program Files, saitinka yana cikin AppData ƙarƙashin sunanka. Ka cire ta ka mayar, sai sabuwar ta je ta karanta tsohon fayil ɗin nan da ya lalace ta sake faɗuwa. Ko sau goma ka yi haka za a yi.

To wai me ke lalata saitin tun farko?

Mafi yawa a nan wajenmu wuta ce. Dreamweaver tana rubuta abubuwa a fayilolinta tana cikin aiki da kuma lokacin rufewa, in aka ɗauke wuta a daidai lokacin sai rubutun ya tsaya a rabi, kamar mai shago yana cikin rubuta bashi a littafi aka fizge alƙalamin, an ga suna ba a ga kuɗi ba. Gobe ta zo karantawa ta kasa ganewa sai ta rufe. Haka in kana danne maɓallin kashewa da ƙarfi don kana sauri, ko laftop ɗinka batirinta ya mutu sai a jone take aiki. Wani lokaci kuma ƙarin kayan da ka ɗora mata, wato extensions, su ne suka zo da matsala.

Ina fayil ɗin yake?

Rufe Dreamweaver tukuna, ka duba Gestionnaire des tâches, inda Windows ke nuna manhajojin da ke aiki, ka tabbatar ba ta maƙale a baya ba. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %appdata% ka danna Entrée. In allon rubutunka AZERTY ne irin namu, alamar % tana kan maɓallin ù kusa da M, sai ka haɗa da Shift. Shiga Adobe, shiga Dreamweaver CS6 ko wacce kake da ita, za ka ga dosiye mai suna fr_FR in ta Faransanci ce, en_US in ta Turanci ce, a ciki akwai Configuration. Nemi fayil da sunansa ya fara da WinFileCache ya ƙare da .dat, tsakiya akwai wasu haruffa da lambobi barkatai. Goge shi kaɗai. Buɗe Dreamweaver, da kanta za ta ƙirƙiri sabo. Masu Mac naku sunansa MacFileCache, yana cikin Library, Application Support, Adobe.

Ban ga AppData a Utilisateurs ba.

A ɓoye yake. Shi ya sa na ce ka rubuta %appdata%. Karanta da kyau mana.

Na goge WinFileCache ba ta gyaru ba. An ce in taɓa Configuration gaba ɗaya, amma ina tsoro, shafukan kwastomomina ba za su tafi ba?

To wannan tambayar ce ke buƙatar natsuwa, zauna 'yar'uwa mu bi ta a hankali. Da farko ban ce a goge Configuration ba, suna za ki canza masa, ki mayar da shi Configuration_tsoho misali, in kin buɗe Dreamweaver ba ta ga nata ba sai ta gina sabo fes, tsohon kuma yana nan a gefe in abu ya ƙi ki mayar masa da sunansa. Shafukan kansu, wato fayilolin html da css da hotuna, ba a nan suke ba, suna inda kika ajiye su, ko a Documents ko a htdocs in XAMPP kike amfani da shi, ko www in WAMP ne, don haka su kam ba abin da zai same su, sai fa in ke da hannunki kika taɓa ajiye aiki a cikin AppData, in haka ne kwashe shi tukuna.

Abin da zai iya ɓacewa daga gabanki shi ne 'yan gutsattsarin lambobin da kika tara a Snippets, da yadda kika jera tagogin aikinki, da gajerun maɓallan da kika saita, da ƙarin kayan da kika ɗora. Ba su mutu ba, suna cikin tsohon dosiyen, amma kar ki kwaso su duka lokaci ɗaya ki zuba a sabon, don wataƙila ɓarnar tana cikinsu. Ɗauko Snippets kaɗai, buɗe manhajar ki gani, rufe, ɗauko na gaba. Wanda kika ɗauko ta faɗi, shi ne mai laifin.

Sai maganar jerin shafuka da bayanan FTP, wato hanyar ɗora shafi a intanet, nan ne nake taka-tsantsan. A Windows yawanci wannan jerin yana cikin rajistar Windows ne ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER, Software, Adobe, ba cikin Configuration ba, saboda haka canza sunan dosiye bai kamata ya taɓa shi ba. Amma ya danganta da wace Dreamweaver ce a hannunki, ta CS6 ta 2012 da ta Creative Cloud ba komai nasu ne iri ɗaya ba, kuma in kwafin da aka sa miki a kasuwa ne wanda aka yi wa kwaskwarima to ba wanda zai rantse miki a kan inda yake ajiye kaya. Don haka in tana buɗewa ko na minti ɗaya ne, ruga Site, Gérer les sites, ki fitar da kowane shafi da Exporter, zai ba ki fayil mai .ste, ki sa a kile USB. Ki sani in kin zaɓi a haɗa da kalmar sirri to tana cikin fayil ɗin kuma kullen da aka yi mata mai rauni ne, kar ki tura shi a zauren WhatsApp, kar ki bar shi a kwamfutar siber. In kuma sam ba ta buɗewa, tabbatar kina da sunan shiga da kalmar sirrin FTP a rubuce, ko ki shiga wajen masu ajiye miki shafin ki sake saita su, kafin ki taɓa komai. Rajista kuwa, in sabon dosiye bai magance ba kuma ana zargin can ne, ni shawarata kar ki shiga ke kaɗai. Gwada buɗe sabon asusun mai amfani a Windows ki kunna Dreamweaver a can, in ta tashi lafiya kin tabbatar matsalar tana cikin saitin asusunki, sai ki nemi wanda ya san regedit, manhajar gyara rajista, ya fara fitar da kwafi kafin ya goge ko da layi ɗaya.

Na ga wani Configuration a Program Files, shi na goge.

Subhanallah. Wancan na manhajar ne ita kanta, ba a taɓa shi. Duba Corbeille ka mayar da shi. In ka riga ka zubar, yanzu kam sake sakawa ya zama dole, amma kwantar da hankalinka aikinka yana nan.

Shafi ɗaya ne kawai in na buɗe take faɗuwa.

Site, Avancé, ka sake gina ma'ajiyar shafin, wato cache. In ba ta bari ka kai can, cikin Configuration akwai SiteCache, canza masa suna.

Ni VS Code nake amfani da ita, ya zan yi?

Ita ma manhajar rubuta shafuka ce, hanyar gyaransu iri ɗaya ce. %appdata%, Code, User, fayil ɗin settings.json, canza masa suna. In kana zargin ƙarin kaya ne, buɗe ta da code --disable-extensions ka gani. Photoshop kuma riƙe Ctrl da Alt da Shift tana tashi, za ta tambaye ka ko ta share saitin, ka ce eh.

Yaya ko za ka turo min lambar da ake fasa Dreamweaver da ita?

Ba na turawa, kar a sake tambayata. VS Code kyauta ce.

Dreamweaver ta gyaru, bayan sati ta koma.

Ai ba ka daina abin da ke jawo shi ba. In kwamfutar tebur ce nemi ondulair ko ƙarami ne, wanda zai riƙe maka wuta ka samu ka adana aiki ka rufe manhajar da hannunka. In laftop ce canza batirin nan da ya mutu. Kuma yau ɗin nan da take aiki lafiya, kwafi dosiyen Configuration mai kyau tare da fayilolin .ste ka ajiye a kile, ranar da ta sake sai ka ɗauko ka mayar kawai.