Sirotonin da Hanyoyin Ƙarfafa Shi a Jiki

Sirotonin sinadari ne da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi. Yana da hannu a walwalar zuciya, barci, sha'awar abinci da motsin hanji. Masana uku ne a birnin Cleveland na Amurka, Maurice Rapport da Arda Green da Irvine Page, suka tace shi daga jini a 1948. An fi danganta shi da ƙwaƙwalwa, amma kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ake yin sa, kuma na hanjin ba ya ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa. Dole ƙwaƙwalwa ta haɗa nata.

Da tirifitofan take haɗa shi, wani ɓangare na furotin da jiki ba ya iya yi sai ya samu a abinci. Akwai shi a riɗi, gyaɗa, waken suya, ƙwai, nono, kifi da kaza. Mutumin Bauchi ko Gombe ba sai ya nema daga nesa ba: kantun riɗi, ƙuli-ƙuli da awarar da ake soyawa a bakin layi duk suna ɗauke da shi. Sai dai ƙofar shiga ƙwaƙwalwa ɗaya ce, kuma tirifitofan na rububinta da wasu 'yan'uwansa da suka fi shi yawa. Abinci mai sitaci kan sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, shi kuma ya kwashe yawancin abokan rububin zuwa tsoka, hanya ta buɗe. Fura da nono ta haɗa biyun a ƙwarya ɗaya, ko da yake tasirin abinci shi kaɗai bai taka kara ya karya ba.

Hasken rana ma na ƙara aikin sirotonin a ƙwaƙwalwa. Rana ba ta yi wa yankin ƙaranci ba. Masu rasa ta su ne masu wuni a ɗaki ko cikin shago, kuma zaman hantsi a tsakar gida na rage musu wannan rashi. Da dare kuma jiki na juya sirotonin zuwa melatonin, sinadarin da ke kawo barci.

Wata hanyar ƙarfafa shi ita ce motsa jiki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar yin aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri, tuƙa keke da daka duk sun shiga lissafi.

Masana ba sa ɗaukar ƙarancin sirotonin a matsayin dalili guda na ciwon damuwa mai tsanani, don haka waɗannan hanyoyi ba sa maye gurbin likita. Baƙin cikin da ya wuce mako biyu yana hana ci da barci, asibiti ake kai shi, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko na Tarayya da ke Gombe. Haɗa tiramadol da magungunan damuwa irin su fluoxetine na iya sa sirotonin ya yi wa jiki yawa, ya kawo zazzaɓi, karkarwa da ruɗewa, wani lokaci har da rasa rai.