Waiwaye: Hannayen da suka koya wa na'ura gani

Tun ƙarshen watan Nuwamban 2022 da manhajar ChatGPT ta fito, muhawara kan ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar sa na'ura ta yi ayyukan da ke buƙatar tunanin ɗan Adam, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu fassara, masu zane, masu amsa kiran abokan ciniki, har da masu rubuta manhajojin kwamfuta, kowa na tambayar ko sana'arsa za ta kai labari. A watan Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa fasahar za ta shafi kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan yi a duniya. Da yawa suna magana kamar rana tsaka abin ya faɗo, alhali ya daɗe yana tafe.

Farkon labarin sananne ne. A 1950 Alan Turing na Ingila ya yi tambaya ko na'ura za ta iya tunani. A 1956 wasu masana suka taru a kwalejin Dartmouth da ke Amurka, John McCarthy ya raɗa wa fannin suna. Daga nan aka yi ta cika baki, kuɗin bincike ya zo ya ƙafe, ya sake zuwa ya sake ƙafewa. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a wasan darar Turawa, duniya ta ɗauka. Amma lissafi kawai ta iya. Da za a nuna mata hoto, ba za ta bambance kare da kyanwa ba.

Inda al'amarin ya juya, a ganina, wani aiki ne da bai ja hankalin kowa ba lokacin da aka yi shi. Wajen 2007, wata malama a Jami'ar Princeton mai suna Fei-Fei Li ta lura cewa ana ta wasa ƙwaƙwalwa wajen gyara dabarun lissafi, alhali abin da na'ura ta rasa shi ne misalai masu yawan gaske da za ta koya daga gare su. Sai ita da abokan aikinta suka shiga tara hotuna daga intanet. Tara hoto abu ne mai sauƙi, wahalar tana wajen faɗa wa na'ura abin da ke cikin kowanne, kuma wannan sai mutum.

Aka rarraba aikin ta wani dandalin intanet na ƙananan ayyuka. Mutum zai zauna gaban kwamfutarsa, a nuna masa sunan wani nau'in kare da bayaninsa, ga ƙananan hotuna birjik a shafi, ya danna waɗanda suka dace ya tsallake sauran. Hoto ɗaya sai mutane da dama sun duba shi kafin a amince. Ladan kowane shafi bai taka kara ya karya ba. Kimanin mutum 49,000 daga ƙasashe 167 ne suka yi wannan aiki, har rumbun da aka kira ImageNet ya haura hotuna miliyan 14. Da aka gabatar da shi a wani taron masana a 2009, a allo kawai aka liƙa bayaninsa, ba a ma ba shi zaman jawabi ba.

Daga 2010 aka fara gasar shekara-shekara ta manhajojin gane hotuna a kan wani ɓangare na rumbun. A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka shigo da wata tsohuwar dabara mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wadda mutane da yawa suka riga suka yanke mata ƙauna. Da katunan zane guda biyu, wato sassan kwamfuta masu sarrafa hotuna irin na masu wasan bidiyo, suka horar da ita. Kuskurensu ya tsaya a kashi 15.3 cikin 100, na waɗanda suka zo na biyu kuwa 26.2. Tun daga ranar fannin ya sauya alƙibla: a tara aikin mutane da yawa, a samo na'ura mai ƙarfi, a bar ta ta koya. An yaba wa masanan, kuma sun cancanta. Abin da ba a tsaya an tambaya ba shi ne haƙƙin waɗanda suka ɗauki hotunan da waɗanda suka yi musu alama.

Duk abin da ya biyo baya a kan wannan turba ya tafi. Manhajar AlphaFold, wadda a 2020 ta girgiza masana da iya hasashen siffar sinadaran furotin, har ta kai Demis Hassabis da John Jumper ga kyautar Nobel a 2024, ta koya ne daga rumbun siffofin furotin mai suna Protein Data Bank da masu bincike ke cikawa tun 1971, wani lokaci mutum ya shafe shekaru kan siffa guda. Alherin da wannan zai jawo wa binciken magunguna ba ƙarami ba ne. Manhajojin hira kuwa rubuce-rubucen miliyoyin mutane suka sha, sannan aka ɗauki wasu ma'aikata suna tantance amsoshinsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mai fassara ke ganin na'urar da ta koya daga fassarorin irinsa tana karya masa farashi.

Masu murya sun fara neman haƙƙinsu. A 2023 marubutan fina-finai a Amurka sun yi yajin aiki na kusan wata biyar, suka samu sharuɗɗa kan amfani da fasahar a yarjejeniyarsu, kuma marubuta da masu zane sun kai ƙararraki kotu. Masu yi wa bayanai alama kuwa, waɗanda har yau ake dogaro da su, galibinsu a warwatse suke a ƙasashe daban-daban, ba kwangila mai ɗorewa, kuma ba kasafai ake gayyatarsu ba idan an zauna tsara dokokin wannan fasaha.