Samuwar ƙwayoyin jini da garkuwar jiki a dashen ɓargo

Dashen ɓargo magani ne da ake maye gurbin ƙwayoyin da ke haifar da jini a jikin majiyyaci da wasu lafiyayyu, daga jikinsa ko daga jikin wani. Ana yin sa a sankarar jini, da gazawar ɓargo, da cututtukan gado irin su sikila, da kuma jarirai da aka haifa ba su da garkuwar jiki.

Duk ƙwayoyin jini daga tushe guda suke fitowa, wato ƙwayoyin tushen jini. Ƙalilan ne, amma suna iya sabunta kansu, kuma suna iya rikiɗa su zama kowane irin ƙwayar jini. A cikin mahaifa hantar ɗan tayi ce ke ɗaukar yawancin aikin samar da jini, daga baya ya koma ɓargo. A jikin babba ana samun sa a ƙashin ƙugu, da ƙashin baya, da haƙarƙari, da ƙashin ƙirji. Aikin ba ya tsayawa, domin jajayen ƙwayoyin jini kimanin kwana 120 suke rayuwa, masu daskarar da jini kuwa kwana 7 zuwa 10. James Till da Ernest McCulloch ne suka nuna samuwar ƙwayoyin tushe a gwajin da suka yi da ɓeraye a Toronto a 1961.

Daga tushen, reshe biyu ke fita. Ɗaya yana ba da jajayen ƙwayoyi, da masu daskarar da jini, da fararen ƙwayoyi masu cinye ƙwayoyin cuta. Ɗayan yana ba da wasu fararen ƙwayoyi da ake kira limfosait: nau'in B mai ƙera sinadaran kariya, da nau'in T, wanda ke zuwa ƙullin taimos da ke bayan ƙashin ƙirji ya koyi bambance jiki da baƙo. Ke nan wanda aka dasa wa ɓargon wani, garkuwar wancan mutum aka ba shi. Har rukunin jininsa kan koma na wanda ya ba shi.

Kafin dashe ana ba majiyyaci magunguna masu ƙarfi, wani lokaci haɗe da haska masa tururin radiyeshon, don a kashe ɓargo mai cuta kuma a kwantar da garkuwarsa. Sai a sa masa sababbin ƙwayoyin ta jijiya kamar ƙarin jini, su nemi hanyarsu zuwa ƙashi da kansu. Ana ɗebo su daga ƙugun mai bayarwa, ko daga jininsa bayan allurar da ke fito da su daga ɓargo, ko daga jinin cibiya. An fara dashen jinin cibiya a Paris a 1988 ƙarƙashin Eliane Gluckman. Kamun dashen, wato sababbin ƙwayoyin su fara samar da jini, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, kuma a wannan tsakani ƙaramin zazzaɓi ma abin gaggawa ne, domin garkuwar majiyyaci tana kwance.

Wahalar dashe daga wani mutum tana ga alamomin HLA, waɗanda ke saman ƙwayoyin jiki, ƙwayoyin T kuma da su suke gane nasu. Ana gadon su rabi daga uwa rabi daga uba, shi ya sa damar dacewar 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya ita ce kashi ɗaya cikin huɗu. A dashen ƙoda jiki ne ke ƙin baƙo. A nan abin yakan juye: ƙwayoyin T da aka dasa su ne ke kallon jikin majiyyaci a matsayin baƙo, su far wa fata da hanji da hanta, a ga ƙuraje da gudawa da shawara. Ana danne su da magunguna irin su saiklosporin da metotireset. Sai dai ba a son a danne su gaba ɗaya, domin wannan farmakin ne ke kashe ragowar ƙwayoyin sankara. An lura cewa idan aka cire ƙwayoyin T daga dashen, sankarar ta fi saurin dawowa. Ba da maganin saiklofosfamid a rana ta 3 da ta 4 bayan dashe, hanyar da aka ɓullo da ita a Jami'ar Johns Hopkins, ya sa yanzu uba ko uwa ko ɗa, masu rabin dacewa, suna iya bayarwa.

Likitan Amurka E. Donnall Thomas ya wallafa gwajinsa na farko na dashen ɓargo a kan mutane a 1957, ya kuma sami lambar Nobel a 1990. A 1968 tawagar Robert Good a Minnesota ta warkar da jariri marar garkuwa da ɓargon yayarsa.

Garkuwar ba lokaci guda take dawowa ba. Masu cinye ƙwayoyin cuta suna farfaɗowa cikin makonni, amma ƙwayoyin T da B kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, musamman ga manya, tunda taimos yana ƙanƙancewa da shekaru. Kariyar da majiyyaci ya samu daga rigakafin yarinta takan ɓace, don haka ake sake masa alluran daga wata 3 zuwa 6 bayan dashe, masu ƙwayar cuta mai rai kamar ta ƙyanda kuwa sai bayan kimanin shekara biyu.