Takardar ɗakin gwaji ba ita ce hukunci ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar masanin sinadarai ya ce garin da aka kama hodar iblis ce, ko ya ce akwai guba a jinin mamaci, to shari'a ta ƙare, sai gidan yari. Ba haka abin yake ba.

A ƙa'ida, mai ba da shaida abin da ya gani ko ya ji kawai zai faɗa, ban da ra'ayinsa. An sassauta wa masana ne saboda alƙali ba zai kalli farin gari ya gane ko mene ne ba. A Najeriya sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ne ya ba da wannan dama, kuma ta haɗa da likitoci da masu tantance rubutun hannu. Masani zai faɗi abin da ke cikin ledar da aka kama, da nauyinsa, da irin gwajin da ya yi. Amma ledar ta wane ce, kuma ko mai ita ya san abin da ke ciki, wannan kuwa alƙali ne zai tantance. A Ingila ma doka ta ce biyayyar masani ga kotu take, sama da wanda ya biya shi.

Inda aka fi ruɗewa shi ne takardar sakamako. Tana zuwa da hatimi da sa hannu, sai gaban wanda ake tuhuma ya faɗi. Alhali ana iya neman a kira wanda ya sa hannun ya amsa tambayoyi. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan haƙƙi a shari'ar Melendez-Diaz a 2009. Lauyan da ya san aikinsa zai tambaya: wa ya liƙe ledar? Hannu nawa ta bi kafin ta iso? Lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta takardar? Gwajin canjin launi na gaggawa aka yi, wanda yakan yi kuskure, ko an saka samfurin a na'ura?

Waɗannan tambayoyi ba neman wa mai laifi mafita ba ne. A jihar Massachusetts ta Amurka, wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Annie Dookhan, ta riƙa rubuta sakamako ba tare da yin gwaji ba. Saboda haka a 2017 aka soke hukunci sama da 21,000.

Abin da ke damuna shi ne, mai hali zai ɗauko nasa masanin ya sake gwaji, talaka kuwa sau da yawa ko lauyan da zai nemi a kira na gwamnati ba shi da shi.